Darasi na 12: Kuzbara da Hawan Jini

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi, ana so kowane ɗalibi ya iya:

1. gane kuzbara a kasuwa, ya bambanta ta da ganyayen da suka yi kama da ita;
2. karanta lambobi biyu na awon jini, ko an rubuta su 140/90 ko 14/9;
3. faɗin abin da kuzbara za ta iya yi wa mai hawan jini, da inda ƙarfinta ya tsaya;
4. lissafa yawan gishirin da ake ci a gidansa.

Karatu: Kofin Baba mai tsire

A Duwala, New Bell unguwar baƙi ce. Jamusawa ne suka shata ta lokacin da suka ƙudiri aniyar tayar da mutanen Duwala daga filayensu na bakin kogin Wuri, rikicin da ya kai ga rataye Sarki Rudolf Duala Manga Bell ranar 8 ga Agusta, 1914. Daga baya unguwar ta cika da mutane daga ko'ina, Bamileke da Basa da Hausawa da sauransu, kowa da shiyyarsa. Labarinmu na yau misali ne na abin da ke faruwa a gidaje da yawa na shiyyar Hausawa.

Baba mai tsire ya fi shekara talatin yana gasa nama a bakin titi, abin da mutanen gari ke kira soya. Da la'asar yake hura gawayi, ba ya tashi sai dare ya raba. Bara da damina ya yi fama da ciwon ƙeya da jiri, har 'yarsa ta matsa masa suka je asibiti. Ma'aikaciyar jinya ta ɗaura masa ɗamarar awo a damtse, ta duba, ta sake dubawa, sannan ta ce, "Baba, tansiyon ɗinka sha bakwai da goma." Aka ce ya dawo wata rana a sake aunawa. Ya dawo, lambar tana nan inda take. Likita ya rubuta masa ƙwaya ɗaya kullum da safe.

Wata biyu yana sha. Ciwon ƙeya ya tafi, jiri ya bar shi. Da kwalin ya ƙare, bai sayi wani ba. Wani dare amininsa ya zauna a bencin da ke gefen tukuba, hira ta kawo su kan maganar.

"Haba Alhaji, kai ma dai! Har yaushe mutum zai yi ta tsintar ƙwaya kamar kaza? Nemi kuzbara. Cokali ɗaya za ka jiƙa a kofi da dare, da asuba ka tace ka sha kafin ka karya. Larabawa da Indiyawa da ita suka dogara."

Baba ya sayo, ya fara sha. Ya kuwa ji daɗinta. Kumburin cikin da yakan dame shi bayan cin abinci ya ragu, kuma yana ganin kamar fitsarinsa ya ƙaru, sai ya ce ciwon ne ke fita. Haka aka yi wata uku.

'Yar tasa tela ce a kasuwar Kongo. Wata safiya ta kawo masa koko, ta dubi kan taga.

"Baba, ina kwalin maganinka? Na kwana biyu ban gan shi ba."

"Na warke, 'yar nan. Jiki magayi. Da akwai abin da ke damuna, ai ni zan fara sani."

"Allah Ya ƙara lafiya, Baba. To mu je a auna mana. In ta tabbata, ni da kaina zan yi waina a raba sadaka."

Suka shiga wani kantin magani. Mai kantin ta zaunar da shi, ta bari ya huta, sannan ta auna. Sha takwas da sha ɗaya. Baba ya yi shiru yana kallon na'urar. Ta tambaye shi ko yana jin ciwon ƙirji, ko ganinsa yana dishi-dishi, ko wani ɓangare na jikinsa ya yi nauyi. Ya ce ko ɗaya.

"Duk da haka, Baba, yau ɗin nan za ka ga likita. Kada ka bari sai gobe."

"To kuzbarar fa? Ƙarya aka yi mini ke nan?"

"Ban ce ka zubar da ita ba, Baba. An dai ɗora mata kayan da suka fi ƙarfinta. Bari in tambaye ka, sau nawa kake lasar yaji a dare ɗaya?"

Baba ya yi dariya. "Wa ya ƙirga? Mai tsire ai da harshe yake aiki."

Likita ya mayar da shi kan ƙwayarsa, ya ƙara masa ta biyu. A gida kuma matarsa Inna ta rage gishiri da dunƙule a miya, ta soya 'ya'yan kuzbarar da suka rage, ta daka su da citta da tafarnuwa. Bayan wata uku aka auna, aka samu sha uku da takwas. A ranar aka yi wainar sadaka. Baba ya dubi kofin da yake jiƙo a ciki, ya ce, "Ashe baiwar Allah nan a turmi ya kamata in ajiye ta."

Mece ce kuzbara?

Kuzbara sunan Larabci ne. Da Faransanci ana ce mata coriandre, Indiyawa kuma suna kiranta daniya. Danginta ɗaya da karas da persil da seleri. Abu biyu ake amfani da su a jikinta: ɗanyen ganyenta da busassun 'ya'yanta.

'Ya'yan ƙanana ne, kewayayyu, launin ƙasa-ƙasa mai haske, girmansu kusan na masoro, amma ba su da nauyinsa. In ka murje ɗaya tsakanin yatsu zai rabe biyu, ƙamshi mai kama da na ɓawon lemo ya tashi. Yawancin wannan ƙamshi daga wani mai yake fitowa da ake kira linalol. A wurin masu kayan yaji da masu sayar da magungunan gargajiya ake samun su.

Ganyen shi ke rikita mutane. A kasuwannin Duwala, kamar Sandaga da babbar kasuwa, ana ɗaure ganyayen miya ƙulli-ƙulli, kuma persil ya yi kama da kuzbara ƙwarai. Hanci ne zai raba gardama. Murje ganye ɗaya ka shinshina: persil ƙamshin ɗanyar ciyawa yake yi, kuzbara kuwa ƙamshinta mai ƙarfi ne, har wasu kan ce kamar sabulu suke ji. Wannan ba tsurfa ba ce, halitta ce da ake gado.

Kuzbara tsohuwar abokiyar ɗan Adam ce. An samu 'ya'yanta a kabarin Fir'auna Tutankamun na Masar, wanda ya mutu fiye da shekaru 3,000 da suka wuce. Likitocin Musulmi na dā, irin su Ibn Sina, sun yi rubutu a kanta. A yau Indiya ce ta fi kowace ƙasa noma ta. A Maroko da Indiya da Pakistan, mutane sun daɗe suna shan ruwanta don kumburin ciki da kuma ƙara fitsari. Saboda haka aminin Baba bai ƙirƙiri maganarsa ba. Inda ya kuskure shi ne cewa ta isa ta maye gurbin maganin asibiti.

Mene ne hawan jini?

Ka tuna da tiyo da ake haɗawa da famfo. Zuciya ita ce famfon, jijiyoyin jini su ne tiyon. Zuciya tana bugawa kusan sau 100,000 a kwana ɗaya, tana tura jinin da ya kai kimanin lita biyar a jikin babban mutum. In ruwan ya yi yawa, ko tiyon ya ƙanƙance ya yi tauri, sai matsi ya ƙaru a ciki. Wannan matsi idan ya hau ya zauna a sama, shi ne hawan jini, wanda a nan ake ce wa tansiyon.

Awon jini lamba biyu ne. Ta sama tana nuna matsin lokacin da zuciya ta matse ta tura jini. Ta ƙasa tana nuna matsin lokacin da ta saki tana hutawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum yana da hawan jini idan an auna shi a ranaku biyu daban-daban, aka samu ta sama ta kai 140 ko fiye, ko ta ƙasa ta kai 90 ko fiye.

Ga wani abu da ke rikita 'yan uwanmu masu zirga-zirga tsakanin Kamaru da Najeriya. A asibitocin da ake Faransanci, akan cire sifilin ƙarshe a ce 14/9. A Kano ko Yola kuwa 140/90 za a rubuta. Duk abu ɗaya ne. Sha bakwai da goma ɗin Baba ita ce 170/100.

Hausawa sun ce jiki magayi, amma wannan ciwo ya ƙaryata karin maganar. Mutum yakan yi shekaru da shi yana cinikinsa, yana sallarsa, bai ji komai ba, alhali ɓarna tana tafiya a ɓoye. Jijiyar ƙwaƙwalwa ta toshe ko ta fashe, sai shanyewar ɓarin jiki. Zuciya ta gaji da turawa, sai kumburin ƙafa da haki. Ƙoda ta lalace, sai a koma zaman layin wankin ƙoda, irin wanda ake yi a Babban Asibitin Duwala. Ido ma ba ya tsira.

Ciwon ya yawaita. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce masu hawan jini a duniya sun ninka, daga miliyan 650 a 1990 zuwa biliyan 1.3 a 2019, kuma kusan rabinsu ba su san suna da shi ba. Wani babban bincike da aka yi a biranen Kamaru, aka buga a 2015, ya samu kusan mutum uku cikin kowane manya goma suna da shi. Dubi ajin nan ka ƙirga. Shi ya sa aka ware ranar 17 ga Mayu ta kowace shekara don tunatar da duniya wannan ciwo.

Me bincike ya nuna?

Masana sun gwada kuzbara. A Maroko, wani bincike da aka buga a 2008 ya nuna ruwan 'ya'yanta ya ƙara wa ɓeraye fitsari da fitar da gishiri. A Pakistan, wani da aka buga a 2009 ya nuna abin da aka tatsa daga 'ya'yan ya saukar da matsin jinin ɓeraye. Wannan ya gaskata cewa akwai wani abu a cikinta.

Amma a lura da yadda aka yi gwajin. Ɓerayen an sa su barci, kuma ta jijiya aka zuba musu abin da aka tatsa, an auna shi daidai da nauyinsu. Dattijo mai kilo tamanin da ya sha kofin jiƙo da asuba lamarinsa daban ne. Cikinsa zai sarrafa abin, hantarsa za ta tace, kuma ƙarfin jiƙon yau ba lallai ya zo daidai da na gobe ba. Gwajin dabbobi matakin farko ne kawai. Kafin a kira abu maganin hawan jini, sai an gwada shi a kan mutane da yawa, na tsawon lokaci, an kwatanta da waɗanda ba su sha ba. Ba a yi wa kuzbara irin wannan gwaji ba, saboda haka babu ita a jerin magungunan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a fara wa mai hawan jini da su.

Ga misalin irin gwajin da ake nufi. A 2019 an buga sakamakon wani bincike mai suna CREOLE, wanda aka yi a ƙasashen Afirka shida, ciki har da Kamaru da Najeriya. Fiye da mutum 700 masu hawan jini aka raba rukuni uku, kowane rukuni da haɗin magunguna biyu, aka bi su wata shida. Aka gano haɗin da ke da ƙwayar amlodipine a ciki ya fi saukar da jinin baƙar fata. Idan likita ya rubuta maka irin wannan ƙwaya, a kan mutane irinka aka gwada ta. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Cikin tsirran da muka sani, zoɓo, wanda a Kamaru ake kira folere, ya fi kuzbara samun gwaji a kan mutane. A Jami'ar Tufts ta Amurka an gwada mutum 65 waɗanda jininsu ya ɗan hau kaɗan. Waɗanda suka sha kofi uku na zoɓo kullum har mako shida, lambarsu ta sama ta sauka da kimanin 7. An buga wannan a 2010. Yanzu yi lissafi: Baba yana kan 180, ana so ya sauko ƙasa da 140. Ko zoɓon ma ba zai kai shi ba, balle wanda aka cika da sukari.

Wani abin lura kuma shi ne, ƙwayar hawan jini riƙe ciwon take yi, kamar yadda tabarau ke gyara gani muddin yana kan ido. Jin sauƙi alama ce ta cewa maganin yana aiki. Ranar da aka daina sha, jini zai fara komawa inda ya fito.

Inda kuzbara take da amfani na gaske

Babban abokin gāban mai hawan jini a ɗakin girki shi ne gishiri. Sinadarin sodiyam da ke cikinsa yana riƙe ruwa a jiki, ruwa ya yi yawa a tiyo, matsi ya hau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce giram 5 na gishiri a rana, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Wannan ya haɗa da duk abin da ya ci tun daga karin kumallo har abincin dare.

Gishiri yana da maɓoya da yawa. Dunƙulen da muke jefawa a miya, kusan rabin nauyinsa gishiri ne. Akwai shi a yajin tsire, da kilishi, da busasshen kifin da aka adana da gishiri, da kifin gwangwani, da burodi, da ƙullin ɗanɗanon da ke zuwa cikin taliyar leda. Kanwa ma sodiyam ce. Tun a shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka danganta ciwon zuciyar da ke kama mata masu jego da yawan shan kunun kanwa da kwanciya kan gadon wuta.

Matsalar ita ce, da an rage gishiri sai maigida ya ce miya ta yi lami, yara su ture kwano. A nan ne kuzbara take shigowa. Ƙamshi yana cike gurbin da gishiri ya bari. Ga yadda Inna ta yi nata haɗin:

Ta ɗora busasshen kasko a wuta kaɗan, ba mai, ta zuba 'ya'yan kuzbara cokali huɗu. Tana juyawa har suka ɗan yi duhu, ƙamshi ya cika tsakar gida, sai ta sauke kafin su ƙone, don in sun ƙone ɗaci suke yi. Da suka huce ta zuba a turmi da busasshiyar citta, da busasshiyar tafarnuwa, da farin masoron Penja kaɗan, da kanumfari ƙwaya biyar. Ta daka, ta tankaɗe, ta zuba a kwalba mai murfi. Ba ta sa gishiri ko dunƙule a ciki ba. Kwalba ta zaɓa saboda laimar Duwala, musamman a watannin Yuli da Agusta, tana sa kayan yaji su yi fumfuna in an bar su a leda.

Da wannan gari take yin miya da farfesu da dafa-duka. Ɗanyen ganyen kuma sai an kusa sauke tukunya take yanka shi a kai, don wuta tana kashe ƙamshinsa. Ta ƙara da albasa da daddawa da ɗan ruwan lemon tsami. Ba rana ɗaya ta janye gishirin ba. A makon farko ta cire dunƙule ɗaya cikin uku, bayan mako biyu ta sake cire ɗaya. Harshe yana sabawa cikin 'yan makonni, har ya zama abincin waje ne yake yi wa mutum zartsi.

Wanda yake sha'awar shan jiƙon kuzbara kamar shayi, cokali ɗaya a kofi ba ya cutar da yawancin mutane, kuma yakan kwantar da ciki. Sharaɗi biyu ne: ya gaya wa likitansa, kuma kada ya ajiye ƙwayarsa saboda shi.

Hattara

1. Mace mai ciki da jininta ya hau, ko take ciwon kai da kumburin fuska da hannu, asibiti za ta nufa nan take. Jiƙo ba ya hana jijjiga.
2. Mai ciwon ƙoda kada ya sha kowane irin jiƙo ko dauri sai da izinin likita.
3. Mai shan maganin sukari ko ƙwayar fitsari ya lura da jiri da kasala in ya haɗa da jiƙon kuzbara mai yawa.
4. Mai shan maganin tsinka jini ya tambayi likita kafin ya yawaita cin ɗanyen ganyen, don yana da bitamin K da yawa.
5. Wanda ya ci ya ji ƙaiƙayi ko kumburin leɓe, jikinsa bai karɓe ta ba, ya bari.
6. Ƙwayoyin ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen suna ɗaga jini in an yawaita su. Masu dako da 'yan acaɓa, waɗanda a nan ake kira bensikin, su kula. Ƙwayoyin da ake jefawa a ruwa suna tafasa ma akwai sodiyam a cikinsu.
7. A sayi magani a kantin da hukuma ta sani. Na bakin titi da rana ta daka ba shi da tabbas.
8. Kafin azumi, mai hawan jini ya tambayi likita lokacin da zai riƙa shan ƙwayarsa, da sahur ko da buɗa-baki.

In baki ya karkace, ko magana ta sarƙe, ko hannu ko ƙafa ta mutu, ko ƙirji ya riƙe, ko gani ya dushe farat ɗaya, a ɗauki mutum zuwa asibiti mafi kusa, kamar asibitin gundumar New Bell ko Laquintinie da ke Akwa. Kada a tsaya ɗura masa wani abu a baki, yana iya shaƙewa. A yi masa addu'a a cikin mota.

Yadda ake awo mai kyau

Kada ka ci goro, ko ka sha kofi ko shayi mai ƙarfi ko taba, rabin awa kafin awo. Ka yi fitsari tukuna. Ka zauna minti biyar, bayanka a jingine, tafin ƙafafunka a ƙasa, ba a harɗe ba. A ɗora hannunka a kan tebur daidai da ƙirji, ɗamarar ta zauna a kan fata. Kada ka yi magana har na'ura ta gama. A auna sau biyu, ka rubuta lambobin da kwanan wata a ɗan littafi, ka riƙa kai wa likita. Ban da magani da rage gishiri, tafiyar ƙafa ta rabin awa a yawancin ranakun mako, da rage ƙiba, da barin taba da giya, duk suna taimakawa.

Sababbin kalmomi

Kuzbara: tsiro mai ƙamshi da ake cin ganyensa da 'ya'yansa.
Tansiyon: sunan da ake kiran hawan jini da shi a ƙasashen da ake Faransanci.
Sodiyam: sinadarin da ke cikin gishiri da kanwa, mai riƙe ruwa a jiki.
Jijjiga: mummunar suma da karkarwa da hawan jini ke jawo wa mai ciki.
Giram: ma'aunin nauyi, giram 1,000 ne kilo ɗaya.

Lissafi

1. Mayar da waɗannan zuwa rubutun Najeriya: 12/8, 15/9, 13/8, 16/10. Waɗanne ne suka kai ko suka wuce 140/90?
2. Wani gida yana da manya huɗu. In kowa bai wuce giram 5 a rana ba, giram nawa ne rabonsu a rana? Kwana nawa ledar gishiri mai giram 500 za ta yi musu?
3. A ce dunƙule ɗaya giram 4 ne, rabinsa gishiri. Uwargida tana sa shida a rana. Giram nawa na gishiri ke nan a rana? A kwana 30 fa?

Tambayoyi

1. Me ya sa Baba ya daina shan ƙwayarsa? Ka taɓa ganin wanda ya yi haka?
2. Wace gaskiya ce a maganar aminin Baba, kuma ina ya kuskure?
3. Me ya bambanta gwajin ɓeraye da gwajin da aka yi wa mutane a Kamaru da Najeriya?
4. Lissafa wurare biyar da gishiri ke ɓuya a abincinmu.
5. Ku tattauna biyu-biyu: wace dabara 'yar Baba ta yi har ya yarda ya je awo ba tare da ta ɓata masa rai ba? Yaya za ka yi wa naka mahaifin ko maigidan magana?

Aikin gida

Kowa ya tambayi mai girki a gidansu dunƙule nawa ake sawa a rana, da kwana nawa ledar gishiri take yi, ya rubuta. Wanda ya samu 'ya'yan kuzbara ya zo da kaɗan a takarda, za mu murje mu shinshina tare. Sannan kafin zama na gaba, kowa ya je asibiti ko kantin magani a auna shi, ya rubuta lambobinsa biyu da hannunsa a shafin farko na littafinsa. Ba dole ne ka nuna wa kowa ba. Malami ma zai zo da nasa.